Hayar mota a ƙasar waje: ina inshorarka take aiki, ina ta tsaya? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen Sakkwato masu fita waje su ɗauki hayar motar da za su tuƙa da kansu: masu zuwa Umara, 'yan kasuwar Dubai, malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu zuwa taro a Turai, ɗalibai, da masu raka marasa lafiya Alƙahira. Sharuɗɗa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka abin da ke rubuce a takardarka shi ne alƙali. An kawo yadda abin ya fi zama ne, da wuraren da mutane suka fi faɗawa rami.

Mene ne wannan kason mai haya da ake ta magana a kai?

A yawancin ƙasashen Turai, da ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, idan ka ɗauki hayar mota akwai yarjejeniya a cikin kuɗin hayar cewa in motar ta lalace ko an sace ta, ba kai za ka biya kuɗinta duka ba. A takarda za ka ga an rubuta CDW. Amma ba a sauke maka nauyin gaba ɗaya ba, an bar maka wani kaso da za ka fara biya daga aljihunka, sauran kuma kamfani ya ɗauka. Wannan kaso shi masu harkar ke kira ekses. A Turai yakan kama daga Yuro 'yan ɗaruruwa zuwa wajen dubu biyu, gwargwadon girman motar.

A ce kasonka Yuro 1,000 ne. Ka gogi bango wajen ajiye mota, gyaran ya kai Yuro 600, to kai za ka biya 600 ɗin cif. In ya kai 4,000, ka biya 1,000 su ji da sauran. Shi ya sa ƙananan ɓarna, irin su ƙarzuwar bamba da lotsawar ƙofa, kusan kullum a kan mai haya suke ƙarewa. Kuma sau da yawa taya, gilashin gaba, rufin mota, ƙarƙashinta da ɓatan makulli ba sa cikin yarjejeniyar ma sam.

To ita inshorar kason me take yi, kuma me ya raba ta da wadda ake tallata wa mutum a kantar kamfanin haya?

Hanya biyu ce. Ta farko, ma'aikacin kamfanin haya ya sayar maka da ƙari a kan kanta lokacin da kake karɓar makulli, a rage kason ko a soke shi. Wannan ba ta da wahala: in an yi ɓarna ka miƙa makulli ka kama gabanka. Sai dai tsada, kuma kullum ake lissafa ta. Ta biyu, ka saya tun kafin tafiya daga wani kamfanin inshora na daban, ko daga shafin intanet ɗin da ka yi odar motar. Ita tana da sauƙin kuɗi sosai, kuma galibi takan haɗa da taya da gilashi da makulli, amma tsarinta shi ne kamfanin haya ya cire kuɗinsa daga katinka tukuna, daga baya ka tura takardu a mayar maka.

Maganar yankin da inshora ke aiki a cikinsa ta fi shafar ta biyun. Wadda ka saya a kanta tana manne da motar da ƙasar da ka ɗauke ta. Ta daban kuwa ana sayar da ita ne bisa yanki, kuma in ka zaɓi yankin da bai dace ba, kuɗinka sun tafi a banza ba tare da kowa ya gaya maka ba sai ranar da ka zo neman haƙƙi.

Yankuna nawa ake sayarwa, kuma ta ina zan fara zaɓe?

Yawanci uku ne: Turai, duniya baki ɗaya ban da Amurka da Kanada, sai duniya baki ɗaya har da su. Wasu kamfanoni suna da ta Amurka da Kanada kaɗai, wasu kuma ba sa raba yanki, sai dai su tambaye ka ƙasar da kake zaune da ƙasar da za ka karɓi motar su yanka maka farashi.

Kafin ka dubi farashi, amsa wa kanka abu uku. A wace ƙasa kake zaune a hukumance? A wace ƙasa za ka karɓi motar? Waɗanne ƙasashe tayarta za ta taka kafin ka mayar? Sannan ka buɗe takardar sharuɗɗa ka nemi wurin da aka fassara yankin, ka ga sunan kowace ƙasa da idonka. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a saman shafi talla ne, jerin ƙasashen da ke ciki shi ake aiki da shi.

Ina zaune a Sakkwato. Ko ma zan iya sayen irin wannan inshora?

Wannan ita ce ƙofar farko, kuma nan aka fi tuntuɓe. Mafi yawan kamfanonin da ke fitowa a sama in ka yi bincike a intanet na Birtaniya ne, kuma sharaɗinsu shi ne mai saye ya kasance mazaunin Birtaniya, wasu su ƙara da ƙasashen Tarayyar Turai. Mazauni ake nufi, ba mai fasfo ba, ba kuma baƙon da ya zo hutu ba. Shafin zai iya karɓar kuɗinka lafiya lau, domin ba ya neman hujja lokacin saye. Hujjar sai ranar biyan diyya ake tambayarta.

Abin da ke yawan faruwa shi ne yaro yana karatu a Mancesta, kawunsa zai zo bikin yaye ɗalibai kuma yana son ya tuƙa da kansa. Yaron ya ce, "Kawu, bari in saya maka da adireshina, ta fi araha." Kawu ya ce, "Allah shi yi albarka." To takardar nan ba ta da amfani ga kawu, domin an yi ƙarya a kan mazauninsa. Abin da zai iya yiwuwa shi ne yaron ya ɗauki hayar da sunansa, ya sayi inshorar da sunansa, a rubuta kawu a matsayin ƙarin direba a takardar haya, in sharuɗɗan inshorar sun yarda da ƙarin direban da ba mazaunin ƙasar ba. A karanta, kada a ɗauka.

Ga wanda gidansa ke Sakkwato, hanyoyin da suka rage su ne kamfanonin da ke da Najeriya a jerin ƙasashen mazauna, ko kariyar da manyan shafukan odar mota ke sayarwa tare da hayar, ko kuma ta kanta. In ka duba jerin ba ka ga Najeriya ba, kada ka zaɓi wata ƙasa don kawai shafin ya wuce gaba.

Na ga an ce ta Turai tana aiki a Maroko da Turkiyya. Gaskiya ne?

Wani lokaci. Turai ta masu inshora ba ita ce Turai ta taswira ba. Kamfanoni da dama suna fassara ta da ƙasashen da ke yamma da tsaunukan Ural, da tsibiran Bahar Rum, da Aisland, da tsibiran Kanari da Madeira, waɗanda duk da suna gaɓar Afirka na Sifaniya da Fotugal ne. Wasu sukan ƙara Maroko, Tunisiya da Turkiyya. Wasu ba sa ƙarawa. Mai zuwa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, da ya yi niyyar ɗaukar mota daga Kasabalanka, zai iya samun ta Turai ta wadatar da shi a wani kamfani, a wani kuma sai ta duniya.

Turkiyya tana da nata ruɗani. Birnin Santambul rabinsa a Turai yake, rabinsa a Asiya, gada ce tsakani. In takarda ta ce Turkiyya ba tare da wani ƙarin bayani ba, shi ke nan. In ta ce ɓangaren Turai na Turkiyya, to tsallake gadar nan ma fita yanki ne, balle tafiya Ankara ko Bursa. Masar kuwa, ga masu kai mara lafiya Alƙahira, kada a sa rai tana cikin Turai sai an ga sunanta a rubuce. Ni ma ba na ba mai jinya shawarar tuƙi a Alƙahira, tasi ta fi masa kwanciyar rai.

Za mu je Umara da iyali, muna son mu ɗauki mota daga Jidda. Wacce za mu saya?

Saudiyya ba ta shiga Turai a kowace fassara, don haka ta duniya ce, kuma ba ka buƙatar mai haɗe da Amurka da Kanada, wadda ta fi tsada. Jidda zuwa Makka wajen kilomita 80 ne, Makka zuwa Madina wajen 450, hanyoyi masu kyau amma ana gudu a kansu, kuma tsakuwa na tashi ta fasa gilashi. Tabbatar gilashi da taya suna ciki. Tabbatar kuma da yawan kujeru: galibin irin wannan inshora tana tsayawa ne a motar da ba ta wuce kujeru 9 ba har da na direba. Iyali mai yawa da ya ɗauki bas ƙarama ya fita daga tsarin.

A Saudiyya in an yi karo tsakanin motoci masu inshora kuma babu wanda ya ji rauni, kamfanin Najm ne ke zuwa ya rubuta rahoto ya raba laifi. Kada ka sasanta da ɗaya direban a bakin hanya ka tafi, ko da ya yi ta rantsuwa ba komai. Ba rahoto, kamfanin haya zai iya ɗora maka gyaran duka, masu inshorar kaso kuma su ce ka saɓa yarjejeniyar haya. Wannan duk maganar Umara ce. A lokacin aikin Hajji akwai tsauraran dokoki kan shiga Makka da wuraren ibada da mota, alhazai kuma motocin da hukuma ta tanada suke bi.

Dubai fa?

Ita ma ta duniya ce. Abu biyu ke kama mutane a can. Na farko rahoton 'yan sanda: ko ƙarzuwa ce ka tarar a wurin ajiye mota, sai da rahoto ake gyara, kuma ana iya yin na ƙananan haɗurra ta manhajar 'yan sandan Dubai a waya. Na biyu shiga rairayi. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi sahara da motar haya, ka fita daga yarjejeniya, komai girman yankin da ka saya. Kuɗin ƙofofin biyan kuɗin hanya na Salik da tarar gudu kuwa babu inshorar da ke biyan su. In kana da niyyar leƙawa Oman, dubi amsar da ke kan tsallaka boda.

Me ya sa ake ware Amurka da Kanada, har farashinsu ya fi na kowa?

Domin tsarinsu daban ne. A can ana iya ba ka mota ba tare da wata kariya a jikinta ba, musamman in a shafin kamfani na cikin Amurka ka yi odar. Ma'ana ba kaso ne a kanka ba, kuɗin motar ne gaba ɗaya, tare da kuɗin kwanakin da ta yi a gareji ba ta aiki. Inshorar da iyakarta 'yan dubbai ne, wadda aka tsara don kason Turai, ba za ta kai ko'ina ba. Abin da kake buƙata shi ne mai ɗaukar cikakkiyar darajar motar. A kanta sunanta LDW ko CDW, kuma galibi in ka saye ta babu wani kaso da ya rage a kanka.

Sannan ga wanda ya fi wannan nauyi, wato ɓarnar da ka yi wa wani. A Birtaniya doka ta sa inshorar mota ta biya raunin da aka ji wa mutane ba tare da iyaka ba. A Amurka kowace jiha da nata mafi ƙarancin adadi, kuma kaɗan ne in aka gwada da tsadar asibitinsu da shari'arsu. A Kalifoniya, bayan ƙarin da ya fara aiki a Janairun 2025, dala 30,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, 15,000 ga dukiya. A Fulorida dala 10,000 ne ga dukiya. Abin da ya haura haka a wuyan direba yake. Shi ya sa ake sayar da ƙarin da ake kira SLI, wanda sau da yawa yakan kai har dala miliyan 1. In ka ga an rubuta duniya har da Amurka da Kanada, duba ko waɗannan biyun suna ciki, ko kuwa kason kaɗai aka ɗauka. Ga baƙo mai tafiya sau ɗaya, abin da ya fi sauƙi shi ne ya yi odar motar da farashin da ya riga ya haɗa su duka.

In na sayi ta duniya baki ɗaya, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ƙare ba. A ƙarƙashin kalmar akwai jerin ƙasashen da aka cire, yawanci waɗanda aka sa wa takunkumi ko ake yaƙi a cikinsu. Iran, Koriya ta Arewa, Siriya, Kuba da Rasha suna yawan fitowa a irin wannan jeri, kuma kowane kamfani da nasa. Akwai kuma sharaɗi na biyu da ba ya ambaton sunan ƙasa: kamfanonin Birtaniya da yawa ba sa biya in abin ya faru a wurin da ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta gargaɗi mutane kada su je. Gargaɗin nan yana canzawa, kuma yakan shafi sashen ƙasa ne kawai. Wannan ne ya kai mu ga tambaya ta gaba.

Ina aiki a Ingila, ina da ta duniya ta shekara. In na zo gida hutu na ɗauki mota, tana aiki?

Da wuya, saboda dalili biyu. Na farko gargaɗin da aka ambata a sama: jihohin Arewa da dama, har da yankinmu na Arewa maso Yamma, sun daɗe a cikinsa, haka ma mafi yawan Jamhuriyar Nijar. Mota a cikin Legas ko tsakiyar Abuja wata magana ce, kama hanyar Gusau zuwa Sakkwato wata ce daban.

Na biyu ya fi wannan kusa. Inshorar kaso tana aiki ne in kai ne direban da aka rubuta a takardar haya ta kamfani mai rajista. Mu kuwa a nan, daga filin jirgin Sultan Abubakar III har tashoshin cikin gari, abin da aka sani shi ne shata, mota da direbanta. In direban mai mota ne ke tuƙi, babu wani kaso a kanka, babu kuma abin da inshorarka za ta biya. Haka in abokinka ya ba ka motarsa ka ba shi wani abu, wannan ba haya ba ce a wurin masu inshora.

Na karɓi mota a ƙasa ɗaya, zan tsallaka boda da ita. Me zan duba?

Izini biyu kake buƙata, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Inshorar kasonka ta haɗa da ƙasar da za ka shiga, sannan kamfanin haya ya yarda a rubuce motarsa ta shiga can. In ka tsallaka ba da izininsu ba, kariyar da ke jikin motar ta faɗi, ta kason ma ta bi ta, ko da ƙasashen biyu suna cikin yankin da ka saya. A cikin Turai bododi da yawa babu ko shinge, sai dai ka ga allo ya canza harshe, amma sharaɗin yana nan.

Ga wuraren da mutanenmu suka fi cin karo da shi. Tsibirin Saifurus, inda ɗalibanmu ke da yawa a ɓangaren arewa: motar da aka ɗauka a kudu, inshorarta ba ta aiki a arewa, sai an sayi wata a mashigar, kuma kamfanonin haya da dama ba sa yarda da tsallakawar ma. Ingila zuwa Faransa ta jirgin fito ko ta ramin ƙarƙashin teku: sai da izini da takardar VE103 da ke nuna motar haya ce. Belfas zuwa Dublin: tsibiri ɗaya ne amma ƙasa biyu, a sanar da kamfani. Dubai zuwa Oman, ko Saudiyya zuwa Bahrain ta gadar Sarki Fahad: sai da takardar izini da inshorar ƙasar da za a shiga. Jirgin fito ma kansa wasu kamfanoni sun hana sa motarsu a ciki.

Katin nan mai ruwan ƙasa da ake nema a bodar Illela, ba shi ne wannan ba?

A'a. Katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, na ɓarnar da ka yi wa wani ne a wata ƙasar yankin. Ba ya gyara motar da kake ciki. Irinsa ne koren kati a Turai, mai ruwan lemo a ƙasashen Larabawa, da mai ruwan ɗorawa a gabashi da kudancin Afirka. Haka inshorar dole ta nan gida, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga 5,000 a Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3: ita ma ta mutumin da ka buge ce.

Mai shiga Ƙwanni ko Tawa da motar shata, abin da zai tambayi direba shi ne takardun motar da na tsallakawa, kuma tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ya kyautu a tambayi halin da ake ciki a bodar kafin a tashi.

Ta tafiya ɗaya zan saya ko ta shekara?

In tafiya ɗaya ce ta 'yan kwanaki, ta tafiya ɗaya, a kan ƙasar da za ka je kawai. In kana fita sau biyu ko uku a shekara, ta shekara takan fi riba, amma nan ne zaɓen yanki ke da nauyi, domin sai ka hango tafiye-tafiyen da ba ka riga ka shirya ba. Malamin da ke zuwa taro Jamus a watan Yuni, ya kuma saba zuwa Umarar azumi, ta Turai ba za ta kai shi Madina ba. Araha ba ta ado. Ko ya sayi ta duniya tun farko, ko ya sayi ta Turai ta shekara ya ƙara ta tafiya ɗaya don Saudiyya, ya lissafa wacce ta fi sauƙi.

Ta shekara ba tana nufin haya ɗaya ta shekara ba. Akwai iyakar kwanaki ga kowace haya, sau da yawa 31, wasu su kai wajen 60. Mai zaman jinya ko ɗalibin da zai riƙe mota wata uku ya lura da wannan. Akwai iyakar shekarun direba, akwai ta darajar mota, kuma wasu ba sa ɗaukar hayar da aka yi kusa da gidan mai inshorar. Sannan dole ta fara aiki kafin ka sa hannu a takardar haya, ba a saye bayan an karɓi makulli.

Tunda na sayi inshora, me ya sa har yanzu suke riƙe kuɗi a katina?

Domin kamfanin haya babu ruwansa da inshorar da ka saya a wani wuri. Zai riƙe kuɗin jingina daidai da kason, wani lokaci har da na mai, sai ka mayar da mota lafiya ya saki. Ga ɗan Najeriya wannan babbar magana ce. Yawancinsu katin bashi suke so mai sunan direba, mu kuma abin da ke aljihunmu katin cirar kuɗi ne, kuma katin naira yana da iyakar abin da banki ya yarda a kashe a waje. Katin asusun dala yana iya wucewa a wani kamfani, a wani a ƙi shi.

In kati ya ƙi ɗaukar jinginar, ma'aikacin zai ce ko ka sayi tasu ta kanta ko ka bar motar, sai ka biya sau biyu. Don haka kafin ka sayi ta daban, karanta sharaɗin kati na reshen da za ka karɓi motar, ka tambayi bankinka iyakar katinka. In ka ga jinginar ta fi ƙarfin katin, a ra'ayina ka haƙura da ta daban ka sayi ta kamfanin hayar tun wajen oda, tana rage jinginar sosai.

Inshorar da na yi don biza ba ta isa ba?

Ta bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta rashin lafiya ce, mafi ƙaranci Yuro 30,000, babu ruwanta da mota. Wasu inshorar tafiya suna da ɗan sashe na kason motar haya, amma iyakarsa ƙarama ce kuma sai ka ga an rubuta shi ƙarara.

Mene ne matsayin wannan a addini?

Fatawa ta malamai ce, a tambaye su. Abin da aka sani shi ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Najeriya tana da ƙa'idojin takaful tun 2013, Maleshiya tun 1984, kamfanonin inshora na Saudiyya kuma a kan tsarin taimakekeniya doka ta ɗora su. In za ka kai wa malam tambayar, ka bayyana masa bambancin abu uku: wadda doka ta tilasta, wadda kamfanin haya ke sa wa a matsayin sharaɗi cikin kuɗin haya, da wadda kai ka zaɓi saye daga wani kamfani.

An yi ɓarna a ƙasar da ke cikin yankina. Me zan tara don a mayar mini da kuɗina?

Aikin tun ranar karɓar mota yake farawa. Kafin ka tayar da ita, zagaya ta da waya kana ɗaukar bidiyo: bamba gaba da baya, madubin gefe, rufi, gilashi, ka durƙusa ka ɗauki kowane wili, domin ƙarzuwar wili ita aka fi kamawa. In filin ajiye motar da duhu, kunna fitilar waya. Duk abin da ka gani da ba ya cikin takardar, koma kanta a rubuta a sa hannu. Ranar mayarwa ka sake ɗauka, da allon mai da na kilomita.

In an cire maka kuɗi, ka karɓi takardar haya, rahoton ɓarnar, takardar kuɗin gyara dalla-dalla, rahoton 'yan sanda ko na Najm in ƙasar na buƙata, da shaidar banki da ke nuna an cire kuɗin. Za a nemi hoton lasinka, don haka ka tabbata irin wanda ƙasar ta yarda da shi ne. Ana samun lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa a nan gida, kuma tare da lasinka na Najeriya ake nuna shi. Akwai wa'adin kwanaki na shigar da buƙata, yana rubuce a takardarka. Ka tambaya tun kafin saye ko suna turo kuɗi asusun Najeriya da kuma irin kuɗin da suke biya da shi, domin in fam ko Yuro ne, asusun kuɗin waje za ka ba su.